Doguwar Tafiya da Motar Lantarki ko ta Fetur: A Auna Hanya Kafin a Zaɓi Mota

Tambayar da aka fi yi wa mai motar lantarki ita ce: kilomita nawa take ci kafin batirinta ya ƙare? Tambaya ce mai kyau, sai dai amsarta kaɗai ba ta isa a yanke hukuncin doguwar tafiya ba. Kowace mota, ta fetur ce ko ta batir, guzurinta na ƙarewa. Abin da ya raba su shi ne inda ake sake cika su, da kuma tsawon lokacin da cikawar take ci. Mai motar fetur yakan tsaya inda ya ga dama, domin an fi shekara ɗari ana gina gidajen mai a bakin hanyoyin duniya, inda kuma babu gidan mai ba a rasa mai jarka. Mai motar lantarki kuwa dole ya tsaya inda hanya ta tanadar masa. Don haka duk wanda yake son sanin wacce ta fi dacewa da tafiyarsa, hanyar zai fara aunawa kafin ya waiwayi motar. Mota guda tana iya zama mafi sauƙin abin hawa tsakanin Oslo da Trondheim a ƙasar Norwe, ta kuma zama alaƙaƙai tsakanin Kano da Abuja, alhali tafiyoyin biyu kusan tsawonsu ɗaya. Ga yadda ake yin lissafin daki-daki, ta yadda mai karatu zai iya ɗora shi a kan kowace hanya da yake bi.

A fara da abin da kowace mota take ɗauke da shi. Lita ɗaya ta fetur tana ƙunshe da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9 na wutar lantarki, irin yunit ɗin da mitar gida take ƙirgawa, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Tankin Toyota Corolla mai cin lita 50 yana ɗauke ke nan da kusan yunit 450. Batirin Hyundai Kona mai lantarki, irin wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a shekarar 2020, yunit 64 yake ɗauka. A ido, ba su ma kama hanyar juna ba. Amma injin fetur almubazzari ne. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari kawai na ƙarfin fetur ke isa ga tayoyi, sauran yana tafiya a zafin lagireto da hayaƙin salansa, yayin da motar lantarki take isar da fiye da kashi 77. Shi ya sa Corolla takan sha kimanin lita 7 a kilomita 100, daidai da yunit 63, ita kuwa motar lantarki mai irin girmanta takan ci yunit 16 zuwa 20 a wannan nisa. Motar fetur tana da guzuri mai yawa, tana ɓarnatar da shi, tana kuma sake cika shi cikin minti biyar. Motar lantarki guzurinta kaɗan ne, tana tattalinsa, cika shi kuma yana buƙatar zama. Duk sauran dabarun tafiya daga nan suka samo tushe.

Mataki na farko shi ne sanin ainihin nisan da motar take ci a babbar hanya, ba wanda aka rubuta a takardar talla ba. Kamfanin Hyundai ya rubuta wa Kona mai yunit 64 kilomita 484 bisa gwajin Turai da ake kira WLTP. Wannan gwaji yana gauraya tuƙin cikin gari da na bayan gari, kuma a nan ne sabon mai motar lantarki yakan ruɗe, domin ɗabi'ar motocin biyu ta saɓa. Motar fetur ta fi shan mai a cunkoson cikin gari, ta fi sauƙin sha idan ta miƙe a kan titi. Motar lantarki kuwa a cikin gari take cin riba, saboda duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki, injinta yakan juye ya zama janareta ya mayar da wuta cikin batir. Idan tana tsaye kuma ba ta cin komai sai abin da na'urar sanyi ke ja. A miƙaƙƙen titi babu wannan rangwame. Hanya mafi aminci ita ce mutum ya duba abin da allon motarsa yake nunawa bayan ya yi tafiyar awa ɗaya a gudun da ya saba, ya raba yunit ɗin batirin da wannan adadi. Idan allon ya nuna yunit 17 a kilomita 100, batir mai yunit 64 zai kai kilomita 375 ke nan, daga cike har ya mutu. Tun da mai hankali ba ya bari ya mutu, sai a cire kashi 10 zuwa 15 na ko-ta-kwana, ya rage kimanin kilomita 330. Idan motar ta hannu ce, a tuna batir yana raguwa da shekaru, a sa mai na'ura ya auna lafiyarsa kafin a amince da kowane lissafi.

Mataki na biyu shi ne lura da abubuwan da ke cinye wannan nisa, kuma gudu ne kan gaba. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: wanda ya tashi daga kilomita 100 a awa zuwa 120 ya ƙara gudu da kashi 20 ne, amma iskar da yake kokawa da ita ta ƙaru da kashi 44. Motar fetur ma tana biyan wannan haraji, sai dai tankinta mai girma yana ɓoye shi. A motar lantarki nan take direba zai ga kilomitan da suka rage a allo suna zubewa fiye da waɗanda ya ci a ƙasa. Dokar hanya a Nijeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa a kan manyan tituna, kuma wannan gudu shi ne ya fi dacewa da batir; karin maganar nan ta tafiya sannu-sannu kwana nesa ta zama lissafi a nan. Kayan da aka ɗaure a saman mota sun fi na cikin but illa, domin iska suke tarewa, haka ma taya mai ƙarancin iska. Hawa yana cin wuta sosai, gangara tana mayar da wani kaso: mai hawa zuwa Jos ta Hawan Kibo zai ga batirinsa yana sauka da sauri, mai gangarowa kuma zai ga yana ƙaruwa. Sai yanayi. A Norwe, gwajin hunturu da ƙungiyar masu motoci ta NAF take yi kowace shekara yakan nuna motoci suna rasa tsakanin kashi 10 zuwa 30 na nisan da aka rubuta musu. A ƙasashenmu zafi ne abin tsoro. Na'urar sanyi ba ta cin abin a-zo-a-gani a kan hanya, amma batir mai zafi ba ya karɓar caji da sauri, kuma yana saurin tsufa. Nissan Leaf ta farko, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya, ta nuna haka tun 2012 a jihar Arizona ta Amurka. Wanda zai yi doguwar tafiya a watan Afrilu ya nemi motar da ake sanyaya batirinta da ruwa.

Mataki na uku shi ne sanin irin cajar da za a tarar, domin kalmar caji ta haɗa abubuwan da ba su yi kama da juna ba. Soket ɗin gida yana ba da kilowat 2 zuwa 3; cika batir mai yunit 64 da shi yakan ci kwana ɗaya ko fiye. Akwatin da ake kafawa a bangon gida ko otal yana ba da kilowat 7, ya cika shi a dare guda. Cajar bakin hanya mai sauri tana farawa daga kilowat 50, akwai ta 150, ta 250, har ta 350, kuma kowace mota tana da iyakar abin da take iya karɓa komai ƙarfin cajar. Ko a cajar mai sauri, batir ba ya shan wuta da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Kamar cika buhu da hatsi ne: da farko zubawa kawai ake yi, idan ya kusa baki sai da girgizawa da dannawa. Direban da ya tsaya gaban allon caja zai ga lamba ta haura sama a mintunan farko, ta fara sauka bayan batir ya wuce rabi, idan ya kai kashi 80 ta koma rarrafe. Sau da yawa daga 80 zuwa 100 yakan ci lokacin da ya kusa na daga 10 zuwa 80. Daga nan aka samo ƙa'idar masu doguwar tafiya: a tashi daga gida da batir cike, a isa caja da kusan kashi 10 zuwa 20, a cire waya da zarar an samu abin da zai kai zango na gaba da ɗan rara. Tsayawa uku ta minti ashirin-ashirin ta fi tsayawa biyu ta awa ɗaya-ɗaya. Motoci da yawa kuma suna shirya zafin batirinsu da kansu idan an sa cajar a taswirar motar kafin a isa, abin da yakan rage zama.

Yanzu a gwada lissafin a tafiyar kilomita 1,000, kwatankwacin Kano zuwa Legas. A ce ana gudun kilomita 100 a awa ba tare da tsaiko ba, tuƙi kaɗai awa goma ne ga kowace mota. Mai Corolla zai sha mai sau ɗaya a hanya, minti goma ya ishe shi. Mai motar da batirinta ke ɗaukar yunit 60, tana cin 18 a kilomita 100, zai yi kilomita 300 kafin zangon farko, daga nan kowane caji daga kashi 10 zuwa 80 zai ba shi yunit 42, wato kilomita 230. Zango uku ke nan. Idan cajar mai ƙarfi ce kuma motar tana karɓa, kowane zango rabin awa ne ko ƙasa. Hyundai Ioniq 5 takan yi shi a minti 18 a cajar kilowat 350. Idan ta kilowat 50 ce, kowane zango ya kusa awa guda. Idan akwatin kilowat 7 ne, kowane zango awa shida, tafiyar yini ta zama ta kwana biyu. Motar ba ta canza ba, batirin bai canza ba, amma ƙarin lokacin ya tashi daga awa ɗaya da rabi zuwa awa goma sha takwas. Bjørn Nyland, wani mai gwada motoci a Norwe da ya shahara a YouTube, ya daɗe yana auna motocin lantarki da tafiyar kilomita 1,000, kuma waɗanda suka fi kyau cikinsu sukan kammala a awa tara zuwa goma, kusa da abin da motar mai take yi a hanyar. Sakamakon nasa shaida ce ga motocin, amma shaida ce mafi ƙarfi ga hanyoyin da ya bi.

Mataki na huɗu shi ne tabbatar da cewa cajar da ke kan taswira za ta yi wa motarka aiki. Bakin wayar caji ba iri ɗaya ba ne a duniya. Turai tana amfani da CCS2, Amurka ta daɗe da CCS1 kafin kamfanoninta su fara komawa na Tesla tun daga 2023, tsofaffin motocin Japan kamar Leaf suna da CHAdeMO, motocin da aka ƙera don kasuwar Sin kuma suna da GB/T. A ƙasar da motoci ke shigowa daga dukkan waɗannan wurare, mutum yana iya isa gaban caja lafiyayya, bakinta ya ƙi shiga motarsa. Akwai mahaɗai da ake sayarwa, amma a gwada su a gari tun kafin ranar tafiya. Bayan haka sai tambayar ko cajar tana aiki. Ko a inda abin ya bunƙasa ana samun matsala: wani bincike da masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka yi a 2022 a yankin San Francisco ya gwada bakunan caji 657 na jama'a, ya tarar kusan kashi 72 cikin ɗari ne kawai suka yi aiki yadda ya kamata. Manhajoji irin su PlugShare da A Better Routeplanner suna nuna wuraren caji da abin da waɗanda suka riga ka suka tarar. Inda cajoji ba su da yawa, kiran waya ya fi kowace manhaja: a tambayi mai wurin ko akwai wuta, wane baki ne, kilowat nawa, ƙarfe nawa suke rufewa. Kowane zango kuma a tanadar masa na biyu wanda ragowar batirin zai iya kaiwa.

A ɗora waɗannan matakai a kan hanyoyin biyu da aka ambata. Daga Oslo zuwa Trondheim ta babbar hanyar E6 kilomita 500 ne da ɗoriya, ana bi ta Lillehammer da Dombås, a haura tsaunin Dovre, a gangara Oppdal. A kusan kowane gari akwai cajoji masu sauri, galibi kusa da wurin cin abinci. A ƙasar da kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka saya a 2024 masu lantarki ne zalla, direba ba ya ma zama ya yi dogon lissafi. Wannan sauƙi kuma ba daga sama ya faɗo ba, gina shi ake yi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 cewa a samu caja mai sauri a kowace kilomita 60 a manyan hanyoyinta, Amurka kuma ta ware dala biliyan 5 a dokar 2021 da niyyar sa caja a kowace kilomita 80. Daga Kano zuwa Abuja kuwa kimanin kilomita 430 ne, Kaduna tana wajen kilomita 230. Kona mai kilomita 330 na amfani ba za ta kai ba sai ta tsaya. Za ta shiga Kaduna da kusan kashi 40, tana buƙatar ƙarin yunit 18 ko makamancin haka don ta isa Abuja da rara. A cajar kilowat 50 minti ashirin da biyar ne. A akwatin kilowat 7 ya haura awa biyu da rabi. Cajojin jama'a masu sauri a Nijeriya kaɗan ne, galibinsu a Legas da Abuja. Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Nijeriya ta kafa tashoshin caji masu amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Legas da ta Nsukka, amma waɗannan na gwaji ne, ba a jere suke a kan hanyar matafiya ba. Ga kuma abin da lissafin Turai ba ya sakawa: akwai hanyoyin da ba a son dare ya riski mutum a kansu, don haka awa biyun da aka zauna jiran caji da rana tana da tsadar da ta wuce ta kuɗi.

Shi kansa kuɗin yana bin inda aka samo wutar. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 500 da ɗoriya cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. A ce lita tana naira 900: Corolla za ta sha lita 30 daga Kano zuwa Abuja, naira 27,000. Motar lantarki za ta ci kimanin yunit 77, a ƙara kashi 10 da ke salwanta wajen caji, ya zama 85. Ga mai biyan kuɗin wuta na rukunin Band A, wanda aka kai naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage shi zuwa kusan 210, wannan naira 18,000 ne. Ga wanda ya riga ya kafa sola mai ƙarfi a gida, ya yi ƙasa da haka nesa. Amma idan da ƙaramin janaretan fetur za a yi cajin, wanda da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita ɗaya, yunit 85 zai sha fiye da lita 40, ya zarce abin da Corolla za ta sha ta kai Abuja da kanta. Ko a Turai da Amurka, cajar bakin hanya takan ninka kuɗin wutar gida biyu ko uku, har kuɗin kilomita ya kusa daidaita da na fetur. Ribar motar lantarki tana cikin cajin dare a gida, wato a zirga-zirgar yau da kullum da zangon farko na tafiya.

Shirin ranar tafiya ma ya bambanta. Mai motar fetur zai duba baƙin mai, ruwan lagireto, fanbel, birki da safaya, ya kuma riƙa shan mai tun tanki yana rabi a gidan man da aka sani, domin gurɓataccen mai irin wanda ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ya lalata injuna da dama. Abubuwan da za su iya lalacewa a motarsa suna da yawa, amma a kowace tasha akwai bakanike da ya san su. Mai motar lantarki ba shi da baƙin mai ko fulogi ko fanbel da zai dame shi. Nasa shi ne tayoyi, domin motar tana da nauyi kuma da yawansu ba sa zuwa da safaya. Sai ƙaramin batirin nan mai bolt 12, wanda idan ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban batirin a cike yake, kuma ƙungiyar ADAC ta Jamus ta sha bayyana cewa shi ne kan gaba wajen tsayar da motoci iri biyun. Babban batirin a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, don haka rami da tudun rage gudu suna son a bi su a hankali. Wayar caji ta soket ta kasance a but koyaushe. Idan motar ta tsaya, ba a ɗaura mata igiya a ja ta, a kan babbar mota ake ɗora ta, kuma ba a barin wanda bai koyi aikin ba ya taɓa wayoyin nan masu launin lemo, domin wutar da ke cikinsu tana kisa.

Masu goyon bayan motar lantarki sukan ce zaman caji ba asara ba ne, tun da ɗan Adam dole ya tsaya ko motarsa ba ta nema ba. Akwai gaskiya a nan. Iyalin da suka tashi da safe za su tsaya sallar azahar, su ci abinci, yara su zaga, kuma wannan ya kai rabin awar da batir yake so. Dokar Turai ma ta wajabta wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, saboda gajiya tana kashe mutane a hanya. Amma hujjar tana tsayawa ne kawai idan cajar tana nan inda masallaci da mai abinci suke, kuma babu layi. A Sin, ƙasar da ta fi kowa yawan cajoji, ana yin dogon layi a tashoshin manyan hanyoyi lokacin hutun ƙasa. Direban haya da yake son ya je ya dawo a yini guda, ko mutum biyu masu karɓa-karɓar tuƙi, su zaman asara ne a gare su tsantsa. Wasu kuma sukan ce a ɗan jira, fasaha za ta share matsalar. Lallai tana gudu: a Maris 2025 kamfanin BYD ya nuna cajar kilowat 1,000 da ya ce tana ba da kilomita 400 a minti biyar, kamfanin NIO kuma yana musanya batir gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Sai dai caja guda mai wannan ƙarfi tana jan wutar da za ta ishi unguwa, kuma ba za ta yi aiki ba sai an kai mata layi da taransifoma ko an jibge mata nata batiran. Magana ta sake komawa kan hanya.

A ɗaya ɓangaren, masu cewa fetur ne kaɗai abin dogaro su ma sun manta da wani abu. Wanda ya taɓa ganin layin mai ya miƙe tun asuba, ko ya ga 'yan bumburutu suna sayar da galan ninkin kuɗinsa, ya san minti biyar ɗin nan ba kullum ake samunsa ba. A irin wannan lokaci mai sola a gida yana fita da motarsa cike kowace safiya. Duk da haka, a tsakiyar daji fetur yana da abin da batir ba shi da shi: ana iya kawo shi a jarka a bayan babur. Tsakanin biyun akwai motoci masu haɗa inji da batir. Toyota Prius ta asali, wadda ta fito tun 1997, ba a yi mata caji ko kaɗan, mai kawai take sha kaɗan. Akwai kuma waɗanda ake yi wa caji su yi tafiyar cikin gari da wuta, idan batir ya ƙare inji ya karɓa, irin Chevrolet Volt da Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya zana siffarta ta farko a kamfanin General Motors. Aibinsu shi ne suna ɗauke da kayan gyaran nau'i biyu, amma ga mai mota ɗaya tilo da yake zama a gari yana kuma zuwa gida nesa lokacin salla, sun fi dacewa da halin hanyoyinmu na yanzu.

Hukuncin dai a taƙaice yake. Idan tafiyarka ba ta wuce kashi 80 na ainihin nisan da motar take ci ba, kuma akwai wutar kwana a inda za ka sauka, kamar Kano zuwa Kaduna ko Kano zuwa Katsina, motar lantarki ta fi arha, ta fi shiru, ta fi rashin gajiyarwa. Idan ta wuce haka, kada ka tashi sai ka tabbatar da caja mai sauri, mai bakin da ya dace da motarka, a kowace kilomita 200, kowacce da madadinta. Idan ba ka samu wannan ba, ɗauki motar fetur ko mai haɗa biyun, ka bar ta lantarkin ta yi maka hidimar gari. Kafin ka biya kuɗin kowace mota, rubuta hanyoyi uku da ka fi bi a shekara, ka yi musu wannan lissafi da alƙalami da takarda.